Dunƙulen Ulu a Kan Allura

Ƙarfe tara na dare a Punta Arenas,
rana ta ƙi shiga ɗaki.
Iska na jijjiga rufin kwano kamar mai bin bashi,
ni kuwa ina shekara bakwai,
na manna kunne a wayar kakata.

Muryar uwata Ximena ce daga Tromsø:
“Tun Nuwamba rabona da rana.
Da tsakar yini muke kunna ƙwai mu feɗe kifi,
ƙanƙara ta kai mini gwiwa.”

Na dubi taga, ga haske har ya yi yawa,
na ce, “Kaka, mu muka sace mata ranarta?”

Eduvigis ba ta yi dariya ba.
Ta ja labule, ta kunna kyandir a tsakar tebur,
ta ɗauko dunƙulen ulu, na tumakin ƙaninta,
ta soke shi da allurar saƙa, ta ɓullo ta ƙasa.
Ta ɗaura jan zare kusa da gindi: “Ga mu nan.”
Ta ɗaura fari kusa da ka: “Ga uwarka.”

Sai ta karkatar da allurar,
kamar wuyan mai sauraron magana a bayan ƙofa.
“Haka duniya take tafe, Nahuel,
ba ta taɓa miƙewa ba.”

Ta fara zaga tebur da takalmanta masu ja,
tsinin allura na kallon ƙusa guda a bango,
bai sauya alƙibla ba ko sau ɗaya.
A nan, jan zare ya sha haske ya ƙoshi,
ta murza dunƙulen, inuwa ta ɗan lashe shi ta sake shi.
Farin kuwa, murza duk yadda za ka murza,
yana cikin duhu.

Taku shida, ta isa ɗaya gefen.
“Yuni ke nan.”
Jan zare ya shige inuwa, sai ɗan leƙe,
fari ya kwana a haske.
“Ka gani? Aro ne, ba sata ba.
Wata shida za mu mayar mata,
mu koma hura murhu tun la'asar.”

Na ce, “Ba don mun matso kusa da wuta ba ne?”
Ta ce, “Da kusanci ne, da tare za mu ji zafi,
mu da ita.
Hasken da ya sauko a tsaye shi ke ƙuna,
wanda ya zo a kwance
shafa kawai yake yi ya wuce.”

Na taɓa cikin dunƙulen, inda ya fi ƙiba.
“Waɗannan fa?”
“Su rana ba ta yi musu yaji.
Da ruwan sama suke ƙirga shekara, zuwansa da ɗaukewarsa.”

Kyandir ya ci rabi, ba ta gaji ba.
Ta miƙar da allura cak: “Mushtari,
shekararsa kusan fuska ɗaya gare ta.”
Ta kwantar da ita kamar mai barci: “Yuranus.
Can, in dare ya yi maka a ƙarshen duniya,
sai ka yi furfura kafin gari ya waye.
Gode wa Allah uwarka ba can ta tafi ba.”
A nan ne ta yi dariya, har da tari.

Yau ni ke da gidan, kaka ta riga mu.
Ulun ya zama safa, safar ta tsufa ta yage.
Ƙusar tana nan a bango.
Jiya, tsakiyar Yuni, duhu tun biyar na yamma,
uwata ta kira, ta ce hasken tsakar dare ya hana ta barci.
Na ce ta riƙe shi da kyau,
a Disamba za mu aiko a karɓa.